Kwana huɗu na guba a rayuwar ɓera: bitar wani bincike na Jami'ar Duke

Shafi bakwai ce kacal, kuma babu gawar ɓera ko ɗaya a cikinta. An buga takardar a 2001 a mujallar Developmental Brain Research, ɗauke da sunayen mutum shida daga Jami'ar Duke da ke Karolina ta Arewa a Amurka, Edward Levin a farko, Theodore Slotkin a ƙarshe. Tambayarsu gajera ce: idan aka ba jaririn ɓera maganin ƙwari na kwana huɗu, daidai gwargwadon da ba zai kwantar da shi ba, aka ƙyale shi ya girma, shin halinsa zai zo daidai da na ɗan'uwansa da ba a ba komai ba? Na karanta ta ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da na koma mata sai in ƙara ganin girmanta, duk da akwai wuraren da nake da ja.

Maganin shi ne wanda ake rubutawa chlorpyrifos a jikin kwalba; mu kira shi kulofirifos. Kamfanin Dow ne ya fito da shi kasuwa a 1965, aka san shi da sunan Dursban a gidaje, Lorsban kuma a gonaki. Gidansu ɗaya da daikulobos, wato sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiyar da muka sani, kuma duk dangin hanya ɗaya suke bi wajen kisa. Jijiya tana aika saƙo ga 'yar'uwarta ko ga tsoka da wani sinadari mai suna asetilkolin. Da zarar saƙon ya isa, sai wani sinadarin, kolinestares, ya share shi don a ba na gaba wuri. Gubar tana ɗaure wannan mai sharar ne. Sai saƙo ya hau kan saƙo, yawu ya riƙa dalala, gumi ya keto, ƙwayar ido ta tsuke, jiki ya ɗauki karkarwa, in abin ya yi yawa numfashi ya tsaya. Duk ma'aikacin asibitin da ya taɓa karɓar wanda ya sha fiya-fiya ya san wannan yanayi, ya kuma san allurar atirofin da ake garzayawa a ɗauko.

Shekaru masu yawa hukumomi da wannan suke awo. In adadin maganin bai ɗaure mai sharar sosai ba, dabba ba ta yi karkarwa ba, ba ta rame ba, sai a rubuta cewa lafiya lau. Slotkin da abokin aikinsa Frederic Seidler sun fara girgiza wannan ma'auni tun 1995, lokacin da suka nuna cewa maganin yana tauye hayayyafar ƙwayoyin ƙwaƙwalwar jaririn ɓera. Sai dai abin da aka gani a awon ƙwayoyi ba ya rufe bakin mai shakka. Zai ce, to, ƙwayoyi sun ɗan ragu, amma ai ga ɓeran can yana gudu yana cin abincinsa. Ana bukatar wanda ya iya yi wa dabba tambaya ta ba da amsa da ƙafafunta, kuma wannan ita ce sana'ar Levin.

Sun raba jariran ɓerayen gida-gida. Wasu an yi musu allura ƙarƙashin fata daga ranar farko ta haihuwa zuwa ta huɗu, miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace rana. Wasu an bari sai rana ta 11 zuwa ta 14, aka ba su miligiram 5. Sauran kuma ruwan da ake narka maganin kaɗai aka tsira musu, don su zama abin kwatance. Jaririn ɓera bai kai giram 10 ba a ranar da aka haife shi, saboda haka abin da ya shiga jikin na rukunin farko a rana bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram ba. Zaɓen kwanakin ma da hikima a ciki. Cikin ɓera kwana 21 ne zuwa 22, ana haifarsa tsirara ido a rufe, ba ya buɗewa sai wajen mako biyu. Ginin da ƙwaƙwalwarsa take yi a kwanakin farko bayan haihuwa shi ne kusan irin wanda ta ɗan'adam take yi a watanni ukun ƙarshe na ciki. Wanda ya yi wa ɓera ɗan kwana biyu allura, tambayar da yake yi ta shafi jaririn da ke cikin mahaifiyarsa a wata na bakwai ko na takwas.

Daga nan sai suka yi abin da ya fi komai wuya a bincike, wato jira. Maganin ya daɗe da fita daga jiki, mai sharar ya koma bakin aikinsa, ɓerayen suka tasa, sannan aka fara gwada su, aka ci gaba har bayan sun balaga. Gwaji na farko wani akwati ne mai siffar harafin T: ɓera mai lafiya in ya shiga dama yanzu, a karo na gaba yakan leƙa hagu. Na biyu hanya ce mai siffar lamba 8, inda ake ƙirga zirga-zirgarsa, a ga yadda ɗokin baƙunta yake lafawa in ya saba da wuri. Na uku shi ne ƙashin bayan aikin, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Wani dandamali ne a tsakiya, lunguna 16 suka fita daga jikinsa kamar ƙarafan laima. David Olton da Robert Samuelson ne suka ƙirƙiro irinsa a 1976 da lunguna takwas. A ɗakin gwajin Levin an ninka. Ana ajiye ɗan abinci mai zaƙi a ƙarshen lunguna 12, huɗu kuma kullum wayam suke, kuma huɗun ba sa canzawa. Ku ɗauki 'yar tallan fura da ta saba da unguwa. Akwai gidajen da ta sani tun tuni ba a sayen fura a cikinsu, ba ta ma ɓata sallamarta. Wannan sani ne da ya zauna mata. Akwai kuma gidajen da ta riga ta shiga yau da safe, ba za ta koma ba sai gobe; wannan lissafi ne na yini guda, gobe za ta goge shi ta fara sabo. Ɓeran da ya shiga ɗaya daga cikin lungunan nan huɗu ya yi kuskuren sani na dindindin. Wanda ya koma lungun da ya riga ya cinye abincinsa ya yi kuskuren lissafin yini. Akwati ɗaya, tuni iri biyu, kowanne da ƙirgensa. Na daɗe ban ga na'ura mai sauƙi da ke fitar da magana mai zurfi irin wannan ba.

Sakamakon bai zo a miƙe ba. A cikin ɓerayen da ba a ba magani ba, maza sun fi mata ƙarancin kuskure a wannan akwati, abin da aka sha gani a baya. Allurar kwanaki huɗun farko ta birkita wannan tsari. Mazan da aka yi wa suka ƙara yawan kuskure a farkon horo. Matan kuwa kuskurensu raguwa ya yi, a iri biyun duka, har suka kamo mazan da ba a taɓa ba. A rukunin rana ta 11 zuwa ta 14, maza sun yi nawa wajen yanke shawara a akwatin T, sannan maza da mata duka sun yi jinkirin sabawa da hanya mai siffar 8.

A nan marubutan suka fara burge ni. Mai son a yi masa tafi zai so ya ce guba ta dusashe ƙwaƙwalwar kowa, magana ta ƙare. Abin da ya fito musu ya fi haka wuyar sayarwa, domin ga rabin dabbobin sun fi da iya aikin. Suna iya haɗe maza da mata wuri guda, ƙarin wannan ya cinye ragin wancan, a tashi babu komai. Ko su tura zancen matan can ƙasan jadawali. Sai suka sa shi a gaba-gaba, a cikin taƙaitaccen bayanin da kowa yake fara karantawa. Fassararsu ita ce maganin ya taɓa yadda ƙwaƙwalwar namiji da ta mace suke rabuwa wajen girma, ya shafe bambancin da ya kamata a gani. Ko mutum ya yarda da fassarar ko bai yarda ba, an ba shi kayan da zai yi gardama da su, kuma wannan ita ce amanar mai bincike. Darasin da ke ciki ga masu gwajin guba babba ne: wanda ya gwada maza kaɗai, kamar yadda aka daɗe ana yi, ko ya cakuɗa jinsin biyu, zai iya wucewa ta kan illa bai gan ta ba.

Amma shafin da na fi so shi ne na ƙarshen gwajin. Bayan ɓerayen sun ƙware da lungunan, sai aka yi musu allurar sikofolamin kafin a sake su. Sinadarin nan ba baƙonmu ba ne, yana cikin abin da ke sa zaƙami ya gusar da hankalin wanda ya sha shi. Aikinsa shi ne toshe ɗaya daga cikin ƙofofin da asetilkolin yake shiga, kuma an san cewa ɓera mai lafiya in an ba shi sai ya rikice, ya manta abin da ya koya. Haka kuwa aka yi ga matan da ba a ba maganin ƙwari ba: suka fara faɗawa lungunan da suka san babu komai. Matan da aka ba kulofirifos suna jarirai kuwa ko gezau. Da aka gwada mekamilamin, wanda ke toshe ɗaya ƙofar, ba a ga irin wannan bambanci ba.

Da farko mutum zai ɗauka wannan ƙarfi ne. A sake dubawa. In gada ta karye tun da daɗewa, motoci suka koma bin ratse, baƙon da ya ga kaya suna isa kasuwa ba zai san an yi ɓarna ba. Ranar da ya je ya gindaya shinge a tsohuwar hanya, ya ga babu motar da ta tsaya, ranar zai gane an daɗe da daina bin ta. Abin da allurar sikofolamin ta tona ke nan. Ƙwaƙwalwar matan nan ta daina dogara da hanyar da 'yan'uwansu suke bi wajen riƙe sani, ta samo wata. Aiki yana tafiya, amma ginin ciki ya sauya. Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ga inda fuska ba ta da labari, sai an matsa kafin a ji. Marubutan sun rufe da shawarar a riƙa yin irin wannan matsi a gwaje-gwajen guba, domin a ga abin da sabon jiki yake ɓoyewa. A ganina wannan dabara ita ce babbar kyautar takardar, ta ma fi sakamakon kansa daraja, don ana iya ɗaukarta a kai ta kan dalma, ko zaiba, ko wani maganin da ba a ƙirƙiro ba tukuna.

Sai wuraren da nake da ja. Na farko hanyar ba da maganin. Allura ce ƙarƙashin fata, a narke cikin wani ruwa da ake kira DMSO, alhali mutum ta baki yake haɗuwa da shi, ko ta numfashi, ko ta shafar fata, ɗan tayi kuma ta mabiyiya. Hanyar shiga tana sauya saurin da magani yake isa jini da abin da hanta take yi da shi, kuma hanta ce ke mayar da kulofirifos zuwa siffarsa mafi dafi. Masu suka sun kama wannan, kuma kamun nasu yana da tushe. Allurar tana da amfaninta, don tana tabbatar da kowane jariri ya sami adadin da aka auna, amma wanda zai ɗauki lambobin ya ɗora a kan mutum kai tsaye ya yi gaggawa. Na biyu adadin. Bai sa ɓerayen rashin lafiya a ido ba, gaskiya ne, amma ya zarce abin da yawancin mutane suke samu daga ragowar feshi a abinci, kuma adadi ɗaya ne ga kowane zango. Da an jera uku ko huɗu, daga ƙarami zuwa babba, da mun ga inda illar take farawa. Ga shi kuma an sauya kwanaki an sauya adadi a lokaci guda, saboda haka in rukunan biyu suka bambanta, da wuya a ce kwanakin ne suka jawo ko yawan maganin.

Na uku ya fi damuna. Gwaji uku, zango biyu, jinsi biyu, kuskure iri biyu, ga alluran matsi: ƙofofin da za a leƙa sun yi yawa, kuma mai leƙa ƙofofi da yawa ba ya rasa ganin wani abu ko da sa'a ce kawai. Sakamako irin na matan da suka fi da iyawa shi ne ainihin irin wanda ya kamata a riƙe da hannu biyu-biyu har sai an maimaita. Ina kuma jin marubutan sun ɗan yi saurin kiran duk wani sauyi da sunan lahani. Raguwar kuskure a akwati ba ta isa hujjar cutarwa ita kaɗai; gwajin sikofolamin ne ya ba maganar nauyi, kuma da an fi fito da wannan dogaro fili.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne sun koma sun sake. A 2002 suka ba ɓeraye masu ciki maganin daga rana ta 17 zuwa ta 20, aka sake ganin tasirin da ya bambanta tsakanin jinsi, a wannan karon 'ya'ya matan ne suka ƙara kuskure. A 2005, a wata takarda da Justin Aldridge ya jagoranta, suka maimaita allurar kwanaki huɗun farko, bambancin maza da mata a lungunan ya sake shafewa, suka kuma ga ɓerayen sun rage kwaɗayin madara mai cakulan, alamar da ake dangantawa da dusashewar jin daɗi. Zanen bai zama mai tsafta ba har yau, don wanda ya fi shan wahala yana sauyawa gwargwadon kwanakin da aka taɓa. Amma jigon ya tsaya: 'yan kwanaki a lokacin ginin ƙwaƙwalwa suna barin sawu har girma.

Sannan labarin ya fita daga kejin ɓera. A Jami'ar Kolombiya da ke New York, Virginia Rauh da abokan aikinta sun auna kulofirifos a jinin cibiyar jarirai, suka bi yaran shekara da shekaru. A 2011 suka ba da rahoto kan yara 265 'yan shekara bakwai: gwargwadon yawan maganin a jinin cibiya, gwargwadon raguwar makinsu a gwajin basira, kuma inda ragin ya fi fitowa shi ne riƙe abu na ɗan lokaci a ka, wato lissafin yinin 'yar talla. Irin wannan bincike na mutane ba ya iya rantsuwa cewa maganin ne sanadi, don ba a raba yara gida biyu a yi wa rabi allura. Na ɓera yana iya nuna sanadi amma ba mutum ba ne. Kowanne yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa, kuma a nan ne shafuka bakwai na Duke suka yi aikin da ya fi girmansu.

Hukumomi sun bi baya da tafiyar hawainiya. Amurka ta cimma yarjejeniyar janye maganin daga amfanin gida tun 2000, amma ya ci gaba a gonaki. A 2019 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce ba za ta iya tsayar da adadin da babu haɗari a cikinsa ba, kuma Tarayyar Turai ta hana shi a 2020. Amurka ta soke izininsa a kan kayan abinci a 2021, wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe sokewar a 2023. A 2025 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Stockholm suka sa shi a jerin sinadaran da za a kawar, tare da wasu keɓance-keɓance.

Ban iya karanta takardar nan ban tuna gida ba. Ɓerayen Duke kulofirifos aka ba su, kuma ba daidai ba ne a ɗauki sakamakonsa a liƙa wa kowane ɗan dangi ba tare da gwaji ba. Amma dangin suna tare da mu dare da rana. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar daikulobos, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper. Dukanmu mun san ɗakin da ake yarfa wa fiya-fiya da magariba saboda sauro ko kuɗin cizo, a rufe ƙofa, bayan isha a shimfiɗa wa mai jego da jaririnta. Mun san mai feshi da ke dawowa daga gona da rigar da ta jiƙe, ya ɗauki ɗansa kafin ya yi wanka, da jarkar magani da aka ɗauraye aka mayar ta ruwan sha. Awonmu a duk waɗannan shi ne tsohon awon hukumomi: babu wanda ya suma, babu wanda ya yi amai, ashe lafiya. Ga shi kuwa jariri, na ɓera da na mutum, ana haifarsa da ƙarancin sinadaran jini da ke karya irin wannan guba, sai a hankali suke cika.

Hukuncina shi ne takarda ce ƙarama mai gaskiya, wadda dabararta ta fi lambobinta ƙarfi, kuma ta cancanci a sa ta a hannun duk ɗalibin harhaɗa magunguna, likitanci da aikin gona a jami'o'inmu. Akwatin lunguna 16 kafinta zai iya haɗa shi, ɓerayen gwaji kuma ana kiwonsu a sassan kimiyyarmu; ina roƙon malamanmu na Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai su yawaita yi wa magungunan da ake sayarwa a kasuwanninmu irin wannan tambaya, su gwada maza da mata daban-daban, su kuma yi haƙurin jira har dabbar ta girma. Kai kuma mai gida, in za a yi feshi, ka fitar da mai ciki da mai goyo, ka buɗe tagogi iska ta ratsa sosai kafin su dawo, maganin gona kuma ka bar shi a gona.